Ku Juya Takardar, Malam Edita

Zuwa ga Mai girma Babban Edita,
da kuma wakilinsa Malam Kabiru, wanda ya zo mana Potiskum bayan ƙaramar Sallah.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamaci ƙaramar yarinya ga manyanta, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyali da duk ma'aikatan gidan jaridarku. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Yaya kuma rashin man nan da ya sa jaridar Juma'a ba ta iso mana ba sai Lahadi? Allah ya kawo sauƙi, amin.

Sunana Yagana, 'yar Malam Bukar magatakarda, a unguwar Yindiski nake. Shekarata goma sha shida, ina aji biyar a sakandaren 'yan mata. In kun tambayi malamanmu wace ce Yagana, sai sun yi tunani tukuna, don ni ce wadda in an yi tambaya a aji nake ƙura wa tebur ido har a wuce ni, ko da na san amsar. Ko a gida, in baƙo ya yi sallama, daga bayan labule nake amsawa, kuma ba na jin yana ji. Wannan ce wasiƙa ta biyu da na taɓa rubuta wa wani namiji tun da aka haife ni. Ta farkon ce ta jawo wannan.

Buƙatata ɗaya ce, gara in faɗe ta tun yanzu kafin kunya ta kama ni in yaga takardar. Jaridarku ta buga cewa mahaifina ya ƙirƙiri takardar jabu don ya ɓata shugabansa. Saboda haka an cire shi daga aikin da ya riƙe tun kafin a haife ni, kuma mutanen da a da suke ba shi ajiyar sirrinsu, yanzu in sun hango shi sai su canza magana. Bai ƙirƙiri komai ba, bai ba kowa komai ba. Ni na bayar. Zan jera muku yadda aka yi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mana a makaranta, ko da yake malamarmu ba irin wannan amfanin ta nufa ba.

Na ɗaya. Tun da ku a birni kuke, bari in gaya muku su wane ne. A nan akwai ƙungiyar masu cinikin shanu, shugabanta wani Alhaji ne da duk gari ba a kiran sunansa, sai dai a ce Firesidan. Ko 'ya'yansa haka suke cewa in ba ya kusa. Bana yana neman kujerar siyasa, hotonsa na manne tun daga tasha har hanyar Fika. Babana shi ne magatakardan ƙungiyar. Ba shi da saniya ko ɗaya. Abin da ya mallaka a kara, wato kasuwar shanu, shi ne amana. Bafulatani zai taho daga ruga, Bayarabe ya taho daga Kudu, ba sa jin yaren juna, amma in Malam Bukar ya rubuta, duka biyun sun yarda.

Shekara biyu ke nan da idonsa ya yi rauni. Ni kuwa Allah bai ba ni baki ba, amma ya ba ni hannu. Don haka shi zai tsara, ni in kwafe da kyau, ya duba ya sa hannu. Da rani gwamnati ta turo wa ƙungiya dusa da maganin shanu don a raba wa makiyaya. Daga baya Firesidan ya aiko da jerin sunayen waɗanda ya ce an ba, ya ce a kwafe a sa hannu a mayar masa. Shafi huɗu ne. A kwafin farko na yi kuskure wuri biyu, Baba ya ce a sake, na sake. Na lura yana dubawa yana jan gemu, har na ji ya ce, "Wannan ai bara muka yi jana'izarsa." Bai sa hannu ba. Ya ce zai sami Alhaji su yi magana shi da shi, kamar yadda ya saba. Ni dai hankalina ba ya wurin. Ina tsakiyar wani littafi ne, an kusa kai inda za a raba masoya.

Na biyu. Dole in faɗi ciwona, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane sauran ba. Littattafan soyayya nake karantawa. Kusa da tasha akwai shagon da ake ba da hayarsu, kuma ni nake riga kowa sanin sabon da ya iso daga Kano. A cikin littafin lissafi nake ɓoye su, shi ya sa har yau ban iya lissafi ba. Na karanta da yawa har na haddace yadda duniya take tafiya. Saurayin dogo ne, yana da saje, ba ya yawan magana. Zai zo daga wani gari da wani aiki. Zai ga yarinyar da ba wanda ya taɓa kulawa. Ba zai faɗi abin da ke ransa kai tsaye ba, sai ya yi zance mai harshen damo, ita kuma ta gane. Na daɗe a shirye. Abin da ya rage kawai shi ne a zo daga wani garin.

Sai ga Malam Kabiru. Dogo, da saje, da biro uku a aljihun gaba, da 'yar rakoda a hannu. Na riga na san sunansa, don ni Baba yake sa wa in karanta masa shafinsa, wanda yake tona asirin masu cin haƙƙin talakawa. In na gama, Baba yakan ce, "Yaron nan yana da tsoron Allah." Sau biyu ya zo zaurenmu yana roƙon a nuna masa jerin sunayen nan, ina bayan labule ina ji. Baba ya ce masa takardar ƙungiya amana ce, in akwai gyara a cikin gida za su yi shi. Ni kuwa duk abin da na tsinta daga zaman shi ne, da na tura ruwa ta ƙasan labule ya ce, "An gode." Kwana biyu ina juya wannan "an gode" ɗin. Me ya hana shi cewa "na gode"? Na yanke hukuncin kunya ce.

Na uku. Wata Litinin na je mayar da littafi, ina fitowa daga shagon sai na gan shi tsaye jikin babur. Ya ce, "Ke ce Yagana, ƙanwata? An ce duk rubutun gidanku hannunki ne." Na dubi takalmina. Ya ce, "Na san kin fahimci abin da ya kawo ni garin nan. Takarda nake so daga hannunki. Ki kawo mini nan jibi Laraba, lokacin da kowa ya tafi kara. Ba wanda zai sani, daga ni sai ke."

Malam Edita, ku dubi girman Allah ku sake karanta maganar nan da idon wadda ta karanta abin da na karanta. A wurinku takarda ita ce abin da ake sa wa hannu a ofis. A wurinmu 'yan aji biyar, in aka ce wane ya nemi takarda daga hannun wance, abu ɗaya ake nufi, kuma ba jerin sunayen makiyaya ba ne. Ga "abin da ya kawo ni garin nan". Ga "daga ni sai ke". "Ƙanwata" ɗin ce ta so ta dame ni, amma na tuna a littattafai ma da haka ake farawa. Na gyaɗa kai na nufi gida. Har na wuce ƙofarmu, sai da maƙwabciya ta kira ni ta tambaye ni ina za ni.

Na huɗu. Yini biyu na yi ina rubutu. Na cinye sauran shafukan littafin tarihi wajen gwaji, na shiga na kimiyya. Da na samu kalmomin da nake so, sai na rasa takarda mai kyau da zan juye su. Na duba ko'ina, sai ga kwafin nan na farko mai kuskure, shafi huɗu, mai kauri irin na ofis, bayansa fari tas. Na ce ai Baba ya gama da shi. Na juya bayan na zuba abin da ke raina. Na kira shi hasken idona. Na ce tun da ya sha ruwan gidanmu ba wanda ya sake taɓa kofin, wanda gaskiya ne, a akwatina na ɓoye shi, Inna ta yi ta nema. Na ce in ya ce in jira shi, zan jira har gashina ya yi fari. A ƙasan shafi na huɗu na zana zuciya da jan biro, kibiya ta huda ta, na yi ta bi ina maimaitawa har biron ya kusa fasa takardar. Na ɗiga mata turaren Inna. Sannan na ƙara layi ɗaya a ƙarshe: "Ka yi haƙuri da abin da ke ɗaya gefen, sunayen masu shanu ne kawai."

Laraba na kai masa. Ya buɗe a gabana, abin da ban zata ba, don a littattafai sai an koma ɗaki ake buɗewa. Ya duba shafin farko, fuskarsa ta washe. Ya duba na biyu, ya yi hamdala. Da ya kai na huɗu ya ce, "Yagana, ba ki san abin da kika ba ni ba. Ita nake nema tun da na zo." Ya ninke, ya sa a aljihun da ke kan ƙirjinsa, ya hau babur ya tafi. Na ga dai gefen da yake karantawa ba nawa ba ne, don "hasken idona" ni yake fuskanta. Amma na ce da kaina, in mutum ya yi wannan murnar da sunayen masu shanu don kawai hannuna ne ya rubuta, ina ga in ya juya?

Na biyar. Mako biyu bayan nan jaridarku ta iso, babban kan labarin yana cewa Firesidan ya cinye dusar shanu. Kafin la'asar babu ko ɗaya a hannun mai sayarwa. Rabin waɗanda suka saya sun ɗauka na can sama, shugaban ƙasa, ake nufi, har wani mai shayi ya tura tasa cikin buhun siga don kada sojoji su gani. Da aka buɗe aka ga namu ne na kara, sai aka saki jiki aka karanta da ƙarfi. Kuma labarin gaskiya ne, wannan ban janye wa Malam Kabiru ba. Ya je rugage da ƙafarsa, ya sami mutanen da sunansu ke jerin, sun ce ko ƙwarya ɗaya ba su gani ba. Ya gano an rubuta matattu. Ya gano dusar tana gidajen masu yi wa Alhaji yaƙin neman zaɓe. A tsakiya kuka buga hoton shafi na huɗu, da rubutuna, har da kuskurena. A ƙasa kuka ce akwai kashi na biyu.

Ni na karanta wa Baba, kamar kullum. Da muka zo kan hoton ya karɓi jaridar, ya matso da ita kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dube ni. Bai tambaye ni komai ba, ya miƙo mini ya ce, "Ci gaba." Allah ya yafe mini, a can ƙasan raina jira nake. Na ɗauka kashi na biyu shi ne inda ya juya takardar. Ban san ta yadda za a saka amsar soyayya a shafin siyasa ba, amma na tabbata mutum mai biro uku ba zai rasa dabara ba.

Na shida. Kashi na biyu bai fito ba a makon da ya biyo, bai fito ba a na bayansa. Abin da ya fito shi ne Malam Kabiru da kansa, daga cikin farar motar Firesidan, a bakin masallacin Juma'a, da sabuwar shadda. Sai aka fara jin muryarsa a lasifika yana gabatar da Alhaji a wuraren taro. An ce shi ke rubuta masa jawabi yanzu, an kuma ce in an ci zaɓe akwai ofis da ke jiransa. Wannan "an ce" ne, ba zan rantse a kai ba. Abin da na gani da idona shi ne motar, da shaddar, da abin da kuka buga a mako na huɗu.

A can ya rubuta cewa ya sake bincike, ya gano yaudararsa aka yi. Wai wani magatakarda mai baƙin ciki da ɗaukakar shugabansa ne ya ƙirƙiri jerin ya ba shi. Bai ambaci suna ba, amma magatakardan ƙungiyar nan ɗaya ne. Mutanen rugagen da ya yi magana da su kuwa, ba a sake jin ɗuriyarsu a shafin ba. Hujjarsa ita ce wai a kusurwar ƙasan hoton akwai hatimin jabu. Ya ce hatimin ƙungiya na gaske zagayayye ne da kan bijimi a tsakiya, wannan kuwa samansa a tsage, ƙasansa da tsini, ga wani layi ya ratsa shi.

Malam Edita, jaridar tana nan a ma'ajiyarku, ku ɗauko ku kalla. Ba hatimi ba ne. Zuciyata ce, ta ɓullo ta gaba saboda na danna biro da yawa. Layin da ya ratsa ta kibiya ce. Na ji dattawa sun zauna a kara sun yi ta nazarinta, har wani ya ce ya san irinta, a Legas ake sassaƙa su. Da na ji haka, da rijiyar gidanmu ba ta da murfi da na shige. Har yanzu ban san wanne ya fi ciwo ba: ko ya juya ya karanta, ya san mene ne, amma ya zaɓi ya kira shi hatimi, ko kuwa tsawon wata guda takardar tana aljihunsa bai taɓa juya ta ba.

Na bakwai, kuma shi ne mafi nauyi. Da na ji an kira taron kwamiti a kan Baba, na kasa gaya masa, na kasa gaya wa Inna. Na shiga ɗakin kakata, Kaka Falmata, mahaifiyarsa, na faɗa mata komai fuskata a cinyarta. Ta saurara har ƙarshe, ta ce wani abu da Barbarci wanda ba zan fassara muku ba, ta yafa lafayarta, ta ɗauki sanda, ta nufi ofishin ƙungiya.

Sai na yi muku bayanin Kaka. Tun tana amarya take Potiskum. Da Hausa take ciniki, da Hausa take faɗa, amma har yau ba ta yarda akwai bambanci tsakanin "ya" da "ta" ba. Ta ce a yarensu babu, kuma ba ta ga dalilin ƙarin wahala ba. A bakinta kowa "shi" ne, har Inna, har akuya mai ciki. Duk gari an san haka, kuma ba ita kaɗai ba ce, tsofaffin kasuwa da yawa haka suke. Fulanin kwamitin, da yake abokan wasanta ne, kullum da wannan suke tsokanarta, ita kuma ta ce su fara gyara tasu Hausar tukuna.

Ta shiga ana tsakiyar taro. Kawuna, ƙanin Inna, yana cikin kwamitin, shi ya ba mu labari. Ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ku bar wahala. Yaron gidana ne ya ba shi takarda. Shi ya rubuta da hannunsa, shi ya kai. Yanzu ya faɗa mini yana kuka. Ba shi da hankali, littafi ya ɓata shi." Ni take nufi. Amma ranar ba wanda ya tsokane ta. Firesidan ya juya ga mutane ya ce, "To jama'a, kun dai ji daga bakin mahaifiya."

Babu wanda ke ɗakin nan da bai san yadda Kaka ke magana ba. Baba ya fi kowa sani, kuma kalma ɗaya za ta gyara komai. In ya ce "ta", shi ke nan. Amma da ya ce "ta", sai a tambaya wace, sai a tambaya me ya haɗa 'yarsa budurwa da baƙo a bakin tasha ranar kasuwa. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya dubi Kaka, ya dubi ƙasa, ya ciro makullin ofis daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Ya kamo hannunta suka taho gida, tana tafe tana murna ta wanke ɗanta. Har yau ba mu gaya mata ba. Ta ɗauka hutu aka ba shi, tana ta sa wa ƙungiya albarka.

Laraba biyar ke nan Baba bai je kara ba. Da safe yakan yi wanka ya sa rigar kasuwa saboda sabo, sai ya zauna a zaure yana jin manyan motocin shanu suna wucewa Kudu. Bai taɓa yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Sau ɗaya kawai, ina share zauren, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Yagana, hatimin nan naki, ashe kin iya zane." Na saki tsintsiyar na gudu ciki.

Ba na cewa ba ni da laifi. Na ɗauki takardar amana na mai da ta takardar soyayya, na miƙa wa mutumin da ban san komai game da shi ba sai tsawonsa. Wannan nawa ne, na ɗauka. Amma wauta daban, jabu daban, kuma wadda ta yi wautar ba ita aka kora ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ga roƙona.

Ku kira wakilinku ku ce ya kawo shafukan nan huɗu, ku juya su da hannunku. In ya ce sun ɓata, ko sun koma hannun wanda ya fi shi buƙatarsu, ku tambaye shi abin da ke baya, ku dubi fuskarsa. Don ku tabbatar ba ƙarya nake ba, zancen kofin yana shafi na biyu, na farin gashi yana na uku, kuma in an shinshina, ƙila har yanzu a ji turaren.

Ku buga bayan, duka huɗun, daidai girman da kuka buga gaban. Na san abin da nake roƙo. Na san yadda ajinmu zai kasance ranar Litinin ɗin da za ta biyo. Na san "hasken idona" zai zama sunana a Yindiski har in tsufa, ƙila har jikokina a kira su da shi. Na auna wannan da makullin da Baba ya ajiye a kan tabarma, na ga nawa ya fi sauƙin ɗauka.

Ku rubuta a fili, ba a can ƙasan shafi kusa da tallan magani ba, cewa Malam Bukar bai ba da takarda ba kuma bai ƙirƙiri ko suna ɗaya ba. Daga hannun Firesidan jerin ya zo gidanmu. Kwafi mai kyaun yana ofishin ƙungiya, a duba a gani ko akwai sa hannun Baba a kai.

Ku turo wani wakilin ya koma rugagen da ke hanyar Fika, ya sake tambaya ko dusar ta iso. Shanun ba su karanta cewa an yi kuskure ba, suna nan a rame. In zai yiwu, a turo gajere, marar saje, don a tsare kowa.

Kai kuma Malam Kabiru, ba amsa nake nema ba, na daina jira. Kofin na mayar da shi bakin randa, kowa na sha da shi. Abu ɗaya nake so ka sani. Har yau Baba bai ce ba ka da tsoron Allah ba. Ya daina sa ni karanta masa shafinka ne kawai.

Jiya na gaya wa Baba zan rubuto muku. Na zata zai hana. Ya dube ni ya ce, "Kin san abin da za a riƙa ce miki?" Na ce na sani. Ya ce, "Kuma kin yarda?" Na ce na yarda, kuma ina jin wannan ce rana ta farko da ya ji muryata sosai ba ta bayan labule ba. Ya tashi ya sa takalmi ya fita. Can ya dawo da takarda sabuwa fil daga kanti, ya ajiye a gabana ya ce, "To, a wannan za ki rubuta."

Allah ya ƙara muku lafiya da daraja, Malam Edita, ya tsare alƙalaminku daga farar mota da sabuwar shadda, ya ba ku ikon duba kowace takarda gaba da baya. Allah ya shiryi wakilinku, ya shirye ni, ya mayar wa mahaifina da sunansa tun Kaka ba ta tambayi yaushe hutun zai ƙare ba. Amin.

Wannan dai da ke hannunku kuna iya juya ta. Na duba sau uku, babu komai a baya.

Wassalam.

Taku cikin ladabi da kunya,
Yagana Malam Bukar,
Yindiski, Potiskum.